Yadda Ake Rubuta Tamburan Tsohuwar Bindigar Lee-Enfield

Tamburan da ke jikin tsohuwar bindigar soja su ne tarihinta: inda aka ƙera ta, shekarar da aka ƙera ta, da hannayen da ta bi. Bindigar Lee-Enfield mai cin harsashi .303, wadda sojojin Birtaniya suka fara riƙewa a 1895, kuma dakarun Afirka ta Yamma suka ɗauka zuwa Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, tana cike da irin waɗannan alamomi. Matsalar ita ce ba rana ɗaya aka buga su ba. Wanda ya haɗa su wuri guda zai ba bindigar tarihin da ba nata ba.

Kafin komai, a tabbatar babu harsashi a ciki, kuma tana hannun gidan tarihi ko mai izinin hukuma. Ba a kankare tsatsa ko goge ƙarfe da abu mai kaushi, domin tambarin da ya shafe ba ya dawowa. Ƙyalle mai laushi da ɗan mai sun isa. Idan rubutu ya dushe, a haska shi da tocila daga gefe, inuwa za ta fito da shi.

Sai a karanta tamburan kashi uku. Na farko na masana'anta ne. A samfurin Mk III na 1907, suna kan zoben ƙarfen da ke haɗa ƙota da jikin bindiga: kambin sarauta, haruffan sarki, sunan maƙera da shekara. ER na nufin Sarki Edward na Bakwai, GR kuma Sarki George. Enfield da BSA na Ingila ne, Lithgow na Ostareliya, Ishapore na Indiya. Na biyu na aikin soja ne: kibiya mai faɗin kai shaidar kayan gwamnati ce, FTR na nufin an yi mata gyaran garambawul a masana'anta, DP kuwa ta fareti ce kawai, ba a harba ta. Na uku na bayan sallama ne: kibau biyu baki da baki na nuna gwamnati ta sayar da ita, BNP kuma shaidar gwajin da aka yi mata a Birmingham ce kafin ta shiga kasuwa.

Sai a rubuta su a cikin kundi, kowane tambari ya samu layinsa: wurin da yake, siffarsa, girmansa da hotonsa kusa da rula. A rubuta abin da ido ya gani a gurbi ɗaya, fassararsa a wani gurbin daban. Harafin da bai fito ba a bar masa alamar tambaya, kada a cike shi da zato.

Daga ƙarshe a gwada lambar jikin bindiga da ta sakata da ta bututu. Idan sun saɓa, an sauya wani sashe, kuma wannan sauyin ma ya shiga kundi.