Riƙon amana a kwaleji: shugaba ne zai fara

A kwalejoji da dama, ɗalibi kan shafe watanni yana jiran sakamakon jarrabawa, babu wanda ya san a teburin wa takardun suka maƙale. Gyaran ba shi da tsada: kowane aiki a rubuta sunan mai shi da ranar kammalawa, a manna a allon sanarwa.

Shugaban kwaleji shi zai fara. Kuɗin da asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ke bayarwa don gine-gine da horar da malamai, ya riƙa bayyana wa ma'aikata yadda aka kashe su. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ma kwana 7 ta ba hukumomin gwamnati su amsa wa mai tambaya.

Malamin da ya kawo kuskurensa da kansa kuwa, a gyara tare da shi, kada a tozarta shi a taro.