Daga DSLR Zuwa Kyamara Marar Madubi: Abin Da Mai Hoto A Cikin Birnin Kano Zai Duba Kafin Ya Canza

Matasa da dama a cikin birnin Kano da wayar hannu suka fara ɗaukar hoto. Daga hoton abokai a kan Dutsen Dala sai a koma na kamu da ɗaurin aure, daga nan a fara biyan mutum, ya tara kuɗi ya sayi kyamara. Da yawa kan fara ne da DSLR ta hannu, irin su Canon 600D ko Nikon D3300. Yanzu kuma duk inda masu hoto suka haɗu, maganar kyamara marar madubi ake yi, wadda a kasuwa ake kira mirrorless. Shin a sayar da tsohuwar a koma sabuwar? Ko kuwa wanda ya riga ya sayi marar madubi zai iya komawa DSLR saboda araha?

Amsar ba a jikin kyamara take ba. Tana wurin gilashin da ake ɗaurawa a gabanta, wanda masu sana'ar ke kira lens. Nan ne kuɗi ke kwance, nan ne kuma ake tafka asara idan aka yi gaggawa.

Mene ne bambancinsu?

A cikin DSLR akwai ɗan madubi a karkace a gaban sensa, wato farantin da ke karɓar haske ya mayar da shi hoto. Madubin ne ke tura haske sama zuwa tagar da mai hoto ke leƙawa. Idan aka danna maɓalli, sai madubin ya ɗaga, haske ya sauka a kan sensa, sannan ya dawo. Shi ne ke kawo wannan ƙarar da aka san kyamara da ita.

Marar madubi kuwa haske yana sauka a kan sensa kai tsaye, tagar leƙen kuma ƙaramin allo ne. Duk mai waya ya san wannan tsari, domin kyamarar waya ma ba ta da madubi: abin da ya gani a allo, shi zai samu. Idan hoton zai yi duhu, zai ga duhun tun kafin ya danna. A DSLR sai ya ɗauka tukuna ya duba. Wannan yana da amfani a wuri kamar rumfunan Kasuwar Kurmi, inda taku biyu ke fitar da mutum daga inuwa zuwa tsakiyar rana.

Inda kamfanoni suka dosa

Panasonic ne ya fara fitar da irin wannan kyamara a 2008 da Lumix G1. A 2013 Sony ya fito da A7 mai babbar sensa, sannan a 2018 Canon ya fito da EOS R, Nikon kuma da Z6 da Z7. Manyan DSLR na ƙarshe da kamfanonin biyu suka fitar su ne Canon 1D X Mark III da Nikon D6, duk a 2020. Tun daga nan sababbin gilasai da sabuwar fasaha ɓangaren marar madubi suka koma.

Wannan ba ya nufin DSLR ta mutu. Kyamarar da ta ɗauki hoto mai kyau a 2016 tana nan tana ɗauka. Hasali ma, ƙaurar da masu hoto na Turai da Amurka ke yi ita ce ke cika kasuwar kayan hannu da DSLR da gilasanta.

Hanya ɗaya ce, ba ta komawa

Kowace kyamara tana da bakin da gilashi ke shiga, kuma akwai tazara tsayayya tsakanin bakin da sensa. A DSLR tazarar tana da yawa saboda madubi na buƙatar wuri: milimita 44 a bakin EF na Canon, milimita 46.5 a bakin F na Nikon. A marar madubi tazarar kaɗan ce: milimita 20 a RF na Canon, 16 a Z na Nikon, 18 a E na Sony.

Saboda haka gilashin DSLR yana hawa marar madubi idan aka saka adafta ta cike giɓin. Canon na da adaftar EF-EOS R, Nikon na da FTZ. Babu gilashi a cikin waɗannan adaftoci, don haka ba sa rage kyawun hoto. Amma gilashin RF ko Z ba ya hawa DSLR, domin babu adaftar da ke rage tazara. Ma'ana, wanda ya bar DSLR zai tafi da gilasansa, wanda kuwa ya bar marar madubi ya koma DSLR sai ya sayar da nasa ya sake saye daga farko.

Haka kuma tsallakawa daga kamfani zuwa wani ya fi tsada nesa ba kusa ba. Akwai adaftocin wasu kamfanoni da ke ɗora gilashin Canon a kan Sony, amma saurin kama fuska ba lallai ya kai na asali ba, ga filas da batir duk sai an sake.

Tarkuna uku

Na farko, jerin EOS M na Canon, irin su M50 da masu bidiyon intanet suka so ƙwarai. Marar madubi ce, amma bakinta EF-M ne, kuma Canon ya daina wannan layi. Gilashin EF-M ba ya hawa kyamarar RF. Wanda zai sayi M50 don araha, gara ya haɗa ta da gilashin EF ta adafta, domin shi ne zai bi shi gaba.

Na biyu, gilashin ƙaramar sensa a kan babba. Gilashin EF-S, kamar 18-55 da ke zuwa da 600D, zai hau EOS R ta adafta, amma kyamarar za ta yanke gefen hoton. Megafiksel 30 ɗinta zai koma kusan 12. A kan R6 mai megafiksel 20, ƙasa da 8 zai rage. An biya kuɗin babbar sensa, ana aiki da ƙasa da rabinta.

Na uku ya shafi masu Nikon. Tsofaffin gilasai na AF-D ba su da injin saiti a cikinsu, kyamara ce ke juya su. Adaftar FTZ ba ta da wannan inji, don haka sai dai a riƙa saitawa da hannu. Na AF-S da AF-P su ne ke aiki lafiya.

Batir da matsalar wuta

Nan DSLR ta yi zarra. Tagarta ba ta cin wuta, ita kuwa marar madubi allonta da sensarta a kunne suke koyaushe. A gwajin da kamfanonin ke bi, Nikon D850 na ɗaukar hoto 1,840 da caji ɗaya, Z7 kuma 330. Canon 5D Mark IV na yin 900, EOS R kuma 370. A aikace akan wuce waɗannan lambobi, amma ratar tana nan. Mai aikin biki daga ɗaurin aure da safe har dina da dare, a unguwar da wuta ba ta da tabbas, dole ya saka ƙarin batir biyu a lissafinsa.

Akwai sauƙi biyu. Yawancin sababbin marasa madubi suna caji ta USB-C, don haka fawa bank mai ƙarfi zai taimaka. Sannan wasu batura suna tsallakawa: na 5D Mark IV yana shiga EOS R, na D750 yana kunna Z6.

Ƙurar hunturu da ta hawa

A DSLR, idan aka cire gilashi, madubi da labulen ɗauka suna gaban sensa. A marar madubi da yawa, sensa a buɗe take. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ko ranar Hawan Daushe a Ƙofar Kudu lokacin da dawaki suka tayar da ƙura ga hayaƙin 'yan bindiga, canza gilashi a fili neman matsala ne. Wasu kamar EOS R da R6 suna rufe labule idan an kashe su, wasu ba sa yi.

A kashe kyamara kafin a cire gilashi, a juya bakinta ƙasa, a yi canjin cikin mota ko cikin zaure. Don gane ko ƙura ta shiga, a saita f/16 a ɗauki sararin sama ko farin bango. Ɗigon baƙi zai bayyana. Ɗan famfon roba mai hura iska ake amfani da shi, ba baki ba, ba kuma gefen riga ba.

Dawaki a guje da fitilun wurin biki

Hawan Sallar Kano, wanda UNESCO ta saka cikin jerin al'adun gado na duniya a Disamban 2024, babban gwaji ne ga kowace kyamara. Marar madubi ta zamani tana bin idon mutum a kusan ko'ina cikin hoton, Canon R6 Mark II ta 2022 ma har doki take ganewa. A DSLR wuraren saiti a tsakiya suka taru, kuma bidiyo sai an ɗaga madubi a koma kallon allon baya.

Sai dai a kula da ɗauka marar ƙara. Tana da daɗi a wurin ɗaurin aure, amma a wannan yanayi sensa na karanta hoto ne layi bayan layi. Idan doki ya zo a guje, mashi ko ƙafafunsa na iya fitowa a karkace. A ƙarƙashin wasu fitilun LED kuma sai a ga ratsi-ratsi a hoto, saboda wutar Najeriya mai zagaye 50 ce a daƙiƙa. Maganin shi ne a koma labule na asali a wurin hawa, a cikin ɗakin taro kuma a gwada saurin 1/50 ko 1/100.

Wa zai canza, wa zai tsaya?

Wanda rabin aikinsa bidiyo ne, ko yake yawan rasa hoto saboda fuska ba ta fito tangaran ba, canjin zai biya shi. Ya zauna a kamfaninsa, ya sayi jiki da adafta, ya ci gaba da gilasansa.

Wanda aikinsa hoton situdiyo ne, ko hoton kaya, ko irin na marina a Ƙofar Mata inda babu abin da ke gudu, sabon jiki ba zai ƙara masa komai da abokin ciniki zai gani ba. Gilashin 50mm f/1.8 da fitila mai kyau sun fi masa amfani.

Wanda yanzu zai taso daga waya kuma jarinsa kaɗan ne, DSLR ta hannu da gilashin EF ko AF-S ba asara ba ce, tunda gilashin zai bi shi duk ranar da ya canza.

Kafin a biya kuɗi

- A duba adadin hotunan da kyamarar ta ɗauka. An ƙera labulen 5D Mark IV da na D750 don kusan 150,000.
- A duba gidan memori. EOS R guda ɗaya gare ta, Z6 ta farko ma ɗaya ce kuma ba ta karɓar SD. Ga mai aikin aure, memori biyu kariya ce, domin ba a maimaita kamu.
- A je da gilashin da ake da shi a gwada shi da adaftar a gaban mai sayarwa.
- A haɗa ta da waya ta Camera Connect ko SnapBridge a ga hoto na tafiya.
- A haɗa kuɗin adafta, batir da memori a kan kuɗin jiki. Wannan jimillar ce ainihin farashin canji.

Kada kuma a sayar da tsohuwar sai sabuwar ta yi aiki biyu ko uku lafiya. Ranar bikin mutane ba ranar koyon maɓallai ba ce.