Baƙin Man Tsohuwar Mota

Tsohuwar Golf ko Peugeot 504 da ke jigilar rake da fasinja tsakanin Maƙarfi, Kudan da Zariya ba ta son mai tsinkakke. Injin ya sha aiki, ƙarafansa sun saki, don haka irin su 20W-50 sun fi riƙe shi. Lambar farko kaurin man ce da sanyin safiya, ta biyu kuma idan inji ya ɗau zafi. Amma in motarka ta baya-bayan nan ce, duba littafinta tukuna, don kauri da yawa ma illa ne.

Ka guji man da ake aunawa a kwalba a bakin titi. Sayi galan mai hatimi, a ɓalle shi a gabanka.

Kowane juye, a canja filta. Wasu kan ce a ɗauraye tsohuwar da fetur; wannan tsimin banza ne, dattin yana cikin takardar filtar. Bakanike ya shafa ɗan mai a robar sabuwar, ya ɗaure da hannu.

Lokacin hunturu, ga ƙurar hanyoyin ƙauyukan Ikara, kada ka wuce kilomita 3,000 ba ka juye mai ba. Da safe zaro gejin mai ka duba: in man ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, tafi gareji.