Yadda Ake Haɗa Jerin Kalmomin Auna Halin Gari: Misali da Damagaram

Motar da ta taso daga Magarya za ta Damagaram takan ɗan tsaya a Dogo, kuma duk wanda ya taɓa zama bakin hanyar nan ya san matafiya sukan yanke wa gari hukunci kafin direba ya sake tada mota. Wannan ya ce mutanen nan akwai sakin fuska. Wancan ya ce raken Korama akwai zaƙi, sai dai an tsauwala kuɗi. Zancen gari suke, amma da kalmomin da ake siffanta mutum da su. Irin waɗannan maganganu yanzu ba sa bin iska kamar da, suna nan rubuce a Facebook, da littafin baƙi na masauki, da labaran matafiya. In aka tara su aka ƙirga, za a gane da wane hali baƙi suka san gari, a kuma gwada shi da halin da masu garin ke tallatawa. Ma'aunin wannan aiki jerin kalmomi ne, kuma yadda ake haɗa shi nake so mu bi tare, ko kai ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou, ko mai masauki a Sabon Gari, ko ma'aikacin ofishin yawon buɗe ido.

Dabarar ta samo asali ne daga Amurka. A 1997 wata malama, Jennifer Aaker, ta nuna cewa masu saye sukan ɗauki haja mai suna tamkar mutum mai hali, ta fitar da siffofi 42 ta kasa su gida biyar: gaskiya, armashi, ƙwarewa, gayu, da tauri. A 2007 Leyland Pitt da Robert Opoku da abokan aikinsu suka auna shafukan yawon buɗe ido na ƙasashen Afirka goma, ciki har da Ghana da Kenya da Afirka ta Kudu, da jerin kalmomin Turanci da aka faɗaɗa daga siffofin Aaker. Wannan jeri ya shahara, kuma abin da zai fara zo maka a rai shi ne ka samo shi ka fassara.

Kada ka yi haka. Cikin siffofin da Aaker ta sa a gidan gaskiya akwai zama irin na ɗan ƙaramin gari, wanda a wurinsu yabo ne. Kai kuwa ka ce wa mutumin Dogo akwai ƙauyanci a tare da shi, ka ga ko zai yi maka godiya. A gidan armashi akwai ƙuruciya da cin gashin kai, alhali a wurinmu yarinta zargi ce, kuma kowa ya san abin da ake nufi in an ce mace mai zaman kanta. A gidan tauri har da halin kaboyi na yammacin Amurka. Ita kanta Aaker da ta sake aikin da abokanta a 2001, ta iske a Japan natsuwa ta maye gurbin tauri, a Sifaniya kuma shauƙi ya fito da gidansa daban. A 2006 Ekinci da Hosany suka gwada ma'aunin a kan wuraren yawon buɗe ido, sai gida uku suka tsaya, ɗaya daga ciki shi ne fara'a da son baƙi. Tunda ma'aunin bai haye teku lafiya zuwa Japan ba, babu dalilin zaton zai iso unguwannin Birni da Zongo na Damagaram a yadda yake.

Mataki na farko, tara rubutu, ka kasa shi tuli uku. Tulin farko abin da mai gida ke faɗa game da kansa: tallan otal, takardun ofishin yawon buɗe ido, sanarwar rediyo, da bayanin da Nijar ta miƙa wa UNESCO a 2006 lokacin da aka sa Birni da gidan Sarki cikin jerin wuraren da ke jiran karɓa a matsayin kayan tarihin duniya. Tuli na biyu abin da baƙo ke faɗa. A nan ne ake yawan kuskure, a ɗauka baƙo sai Bature mai jaka a baya. Turawa sun yi ƙaranci shekarun nan saboda matsalar tsaro a Sahel, amma mutanen Kano da Daura da Maraɗi da Agadas ba su daina zuwa biki da kasuwa da kallon Hawan Salla ba, kuma mafi yawansu ba za su rubuta komai ba. Sai ka je tasha da Kasuwar Dole da wayarka, ka nemi izini, ka yi tambaya ɗaya tak: yaya ka ga garin? Ka ɗauki murya, ka dawo ka rubuta yadda aka faɗa, ka cire sunaye da lambobin waya. Tuli na uku tsofaffin rubuce-rubuce ne, kamar na matafiya Turawa James Richardson da ya zauna a birnin a 1851 da Heinrich Barth da ya iso ƙarshen 1852. Amfaninsu ganin wace siffa ce ta daɗe manne da garin. Kada ka cuɗa su da na yau, don Richardson ya fi mai da hankali kan cinikin bayi da tsananin hukunci, zai karkatar maka da lissafi.

Kowane harshe da jerinsa. Hausa daban, Faransanci daban, in akwai Barbarci shi ma daban. A ganina tulin da bai kai kalma dubu biyar ba, karanta shi da ido ya fi ƙirga shi.

Mataki na biyu shi ne gyaran rubutu, kuma shi ne mafi cin rai. Mai rubutu da waya ba ya sa ƙugiya, sai ka ga dadi a wurin daɗi, kasa a wurin ƙasa, kura a wurin ƙura. Wannan na ƙarshe ka kula da shi, don mai ƙorafin ƙurar hunturu ba dabba ya gani ba. Wanda ya yi lakwal kuma yakan rubuta Hausa da ƙa'idar Faransanci: karamtchi, moutountchi, kilichi, Tanimoune. Ga lahiya ga lafiya, ga tsafta ga tsabta, ga ƴan na littattafan Nijar ga 'yan na Najeriya. Buɗe shafi a Excel ko LibreOffice, ka yi layi biyu: yadda aka rubuta, da yadda ka tsayar. Ka ajiye rubutun asali ba tare da ka taɓa shi ba, ka yi gyaran a kwafi.

Na uku, bar rubutun ya fara magana kafin kai. Akwai manhaja ta kyauta mai suna AntConc wadda za ta jero maka kalmomi daga wadda ta fi yawa zuwa wadda ta zo sau ɗaya. WordStat ita ce su Opoku suka yi aiki da ita, amma ta kuɗi ce, kuma ba dole ba ce. Tsallake su da, na, a, ya, ta, ka sauka kan kalmomi kamar ɗari biyar na sama, kana fitar da duk wadda za a iya siffanta mutum da ita ko wadda ke nuna yadda baƙo ya ji a ransa.

Na huɗu, gina gidajen da za ka zuba su. Ba daga sama za ka fara ba. A laccarsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, Anthony Kirk-Greene ya tattaro halaye goma da Bahaushe ke auna mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima, da adalci. Haɗa wannan da abin da ka tsinta a mataki na uku. In ni ne, ga Damagaram da kewayenta gida shida zan yi.

Karamci zai ɗauki maraba, tarba, fara'a, sakin fuska, haba-haba, son baƙi, rakiya, kyauta. Amana ta ɗauki gaskiya, alkawari, dattako, mutunci, kara, kunya, adalci. Ƙasaita ita ce gidan kwarjini, martaba, alfarma, asali, sarauta, da abubuwan da ke nuna su, irin su dogarai, kakaki, algaita, lifidi, ganuwar da Sarki Tanimun ya gina, da tuna cewa nan ne babban birnin Nijar kafin a mai da shi Yamai a 1926. Armashi ya kwashi shagali, annashuwa, raha, burgewa, maƙil, sukuwa, hawan ƙaho. Iya hannu ya ɗauki gwaninta, inganci, nagarta, ƙarko, tsabta, tsari, wato kalmomin da ake yabon aikin dukawa da tukwanen Mirya da zanen bangon gidajen Birni da su. Na shida ni'ima: inuwa, sanyi, lambu, fadama, dausayi, kore shar, kwanciyar hankali. Wannan gidan saboda irin su Dogo da Gidimuni na sa shi, don ma'aunin da aka yi wa birni kawai ba zai ga abin da ƙauyukan fadama ke da shi ba.

Kowane gida kuma ka yi masa kishiya: rowa da wulaƙanci gaban karamci, ha'inci da cuta gaban amana, ƙazanta da sakaci gaban iya hannu, ƙura da rashin ruwa gaban ni'ima. Jerin da ba ya jin ƙorafi maroƙi ne, ba ma'auni ba, kuma wanda ya san Damagaram ya san zancen ruwa ba zai rasa fitowa ba.

Na biyar, faɗaɗa kowace kalma. Kwamfuta ba ta san kyau da kyawu da kyakkyawa da kyawawa dangi ne ba, haka tsoho, tsohuwa, tsofaffi, haka karamci da karamcin da karamcinsu da karrama. Duk sai ka rubuta mata. Don neman kalmomi masu ma'ana kusa, ka duba ƙamusun Bargery na 1934, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, da ƙaramin ƙamusun Hausa zuwa Faransanci na Abdou Mijinguini don lafazin Nijar. Amma kalmar da ƙamus ya ba ka, in ba ka taɓa jin ta a bakin kowa ba, bar ta a can. Zama da dattijo ɗaya a zaure kana jin yadda yake yabon gari da kushe shi zai ba ka abin da ƙamus bai kama ba.

Na shida, kawo alƙalai uku, kuma kada su zama duk 'yan boko. Samu malami ɗaya, da uwa mai sayar da abinci a tasha, da direba ko ɗan kasuwa mai yawan tafiya. Rubuta kowace kalma a 'yar takarda, ko ka karanta wa wanda ba ya karatu, kowa ya sa ta gidan da ya ga ya dace ba tare da ya ga na ɗan'uwansa ba. Wadda duka uku suka yarda, ta zauna. Wadda biyu suka yarda, sa mata alama. Wadda suka watse a kanta, fitar da ita. Kunya takan jawo gardama, don wani zai ce yabo ce, wani ya tuna abin kunya.

Yanzu ga ramukan da ke hanya. Sunan Dogo kansa siffa ne, don haka dogon tarihi da garin Dogo duk ɗaya ne a wurin kwamfuta. Dole sunan kasuwa ne kuma kalmar tilas. Sabon Gari zai sa ka zaci kowa na yabon sabunta. Korama suna ne kuma ruwa mai gudu. Gari na iya zama na tuwo. Lafiya da albarka da gaskiya sun cika gaisuwa da buɗe zance, kuma wanda ya ce gaskiya na sha wahala ba amanar kowa ya yaba ba. Maganin sunaye shi ne ka manne su tun a mataki na biyu, ka rubuta SabonGari, KasuwarDole, GarinDogo. Sai kuma korewa: babu tsabta, rashin mutunci, maras fara'a, ba su da kirki. Duba kalmomi uku kafin kowace kalmar jerinka, in akwai ba ko babu ko rashin ko maras, mai da ita gidan kishiya. Ban da ba laifi da ba dama, waɗanda a bakin Bahaushe yabo ne, na biyun ma yabo mai ƙarfi.

Na bakwai, gwaji. Zaɓi jimla ɗari ba tare da dubawa ba, ka karanta da kanka ka rubuta gidan kowace, sannan ka ga abin da jerin ya ce. Inda kuka saɓa, bi sawu ka gano kalmar da ta jawo. In saɓanin ya wuce kashi ɗaya cikin biyar, koma baya ka gyara kafin ka nuna wa kowa sakamako.

Sai ƙirga. Tunda tulin ba girmansu ɗaya ba, a kan kowace kalma dubu ake lissafi. A ce, don misali kawai, tulin mai gida kalma 20,000 ne kuma kalmomin karamci sun fito sau 60, ka ga 3 ke nan cikin dubu. Tulin baƙi kalma 8,000 ne, karamci ya fito sau 72, wato 9 cikin dubu. In haka ta fito, ma'anarta masu talla suna ta nuna fada da ganuwa, baƙo kuwa abin da ya tafi da shi gida shi ne ruwan da aka ba shi a zaure da rakiyar da aka yi masa har tasha. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ga shi lamba ta nuna ba a sa ta a talla ba. Wannan tazara tsakanin tuli biyu ita ce abin da za ka kai wa mai otal ko magajin gari, tare da jimloli biyar ko shida daga bakin baƙin da kansu, don lamba ita kaɗai ba ta cika shiga kunne ba.

Raba lissafin kuma wuri wuri. In ka cuɗa Birni da Mirya da Dogo, ƙasaitar Birni za ta danne sauran, ka rasa ganin cewa wani wuri da ni'ima aka san shi. Raba shi kuma lokaci lokaci, don abin da aka faɗa a makon Salla ba shi ne na tsakiyar bazara ba. A kan shafin jerin ka rubuta ranar da ka kammala, da irin mutanen da suka yi alƙalanci, da kalmomin da ka fitar da dalilin fitar da su. Bayan babbar Salla mai zuwa ka sake komawa tasha da tambayarka ɗaya, ka zuba sabon rubutun a AntConc, ka fara da duba kalmomin da suka fito waɗanda babu su a jerin.