Masu Aikin Sa Kai Da Tsaron Lafiyar Tafki: Darasi Daga Ƙasar Kanada

Gabatarwa

Magabata sun ce ruwa ba ya tsami banza. Idan tafkin da aka sani garau ya wayi gari kore shar, yana wari, kifaye suna tasowa matattu, to lalle akwai dalili, kuma galibi dalilin nan ya daɗe yana taruwa shekara da shekaru ba wanda ya lura. Wannan darasi zai bayyana wa mai karatu yadda mutanen Lardin Ontario na ƙasar Kanada suka ɗora wa kansu aikin auna ruwan tafkunansu, ba tare da ana biyansu ko anini ba, da irin kayan da suke aiki da su, da kuma matakan da suke ɗauka don kada ruwan ya ɓaci.

1. Ƙasar tafkuna da gidajen hutu

An ƙiyasta cewa akwai tafkuna kimanin 250,000 a Lardin Ontario. A bakin da yawa daga cikinsu, musamman a yankunan Muskoka da Haliburton da Kawartha, mutanen birane irin su Toronto sun gina ƙananan gidaje na hutu. A nan suke zuwa da iyalansu lokacin zafi, watau daga watan Yuni zuwa Agusta, su yi iyo, su kama kifi, su tuƙa kwale-kwale. Gidaje da yawa daga tafkin suke jawo ruwan aikace-aikacensu. Mafi yawansu kuma ba su haɗe da magudanar ƙazanta ta gari, kowane gida yana da tankin shaddarsa a binne cikin ƙasa, tazara kaɗan daga bakin ruwa.

Da gidajen suka yawaita, sai masu su suka kafa ƙungiyoyi, kowane tafki da tasa. A shekarar 1963 ƙungiyoyin suka haɗa kai suka kafa tarayya guda, wadda ake taƙaita sunanta da FOCA. Ba wata hukuma da take da ma'aikatan da za su iya zagaya dubban tafkuna a kai a kai, amma ga mutane nan zaune a bakin ruwan, da jiragensu a ɗaure. Wannan shi ne asalin dabarar.

2. Abin da yake ɓata tafki

Babban abin da ake tsoro shi ne sinadarin fosfaras. Manomanmu sun san shi ko da ba su san sunansa ba, domin shi ne ƙarfin takin supa. Yadda yake sa shuka ta yi kyau a gona, haka yake sa gansakuka ta yi yabanya a cikin ruwa. Yana shiga tafki ta hanyar tankin shadda mai yoyo, da takin da ake zuba wa ciyawar ƙofar gida, da sabulun wanki, da ƙasar da ruwan sama yake zaizayowa daga tudu.

Ga yadda ɓarnar take tafiya daki-daki. Fosfaras ya yi yawa, gansakuka ta yaɗu. Gansakukar ta mutu ta nutse ƙasa. Ƙwayoyin halittar da suke ruɓar da ita su shanye iskar oksijin da take cikin ruwan ƙasa. A lokacin zafi kuwa ruwan sama mai ɗumi ba ya gaurayuwa da ruwan ƙasa mai sanyi, saboda haka babu hanyar da sabuwar iska za ta sauka. Kifayen da ba sa rayuwa sai a ruwa mai sanyi mai zurfi su rasa wurin zama. Daɗin daɗawa, idan oksijin ya ƙare, taɓon da yake ƙasan tafki yakan saki fosfaras ɗin da ya daɗe yana riƙe da shi, ɓarna ta ƙaru a kan ɓarna.

An daɗe ana gardama a kan ko fosfaras ne mai laifin ko kuwa wani sinadari dabam. Wani masani mai suna David Schindler ne ya raba gardamar a shekarar 1973, a wani yanki na arewa maso yammacin Ontario da aka keɓe tafkunansa domin gwaje-gwaje. Shi da abokan aikinsa suka raba Tafki Mai Lamba 226 gida biyu da wani labule na roba. Suka zuba kabon da naitirojin a ɓangarorin biyu, amma ɓangare guda kaɗai suka ƙara wa fosfaras. Ba a daɗe ba ɓangaren nan ya rufe da gansakuka, ɗayan kuwa ya zauna yadda yake. Hoton da aka ɗauka daga jirgin sama ya zaga duniya, ya kuma ƙarfafa dokokin rage fosfaras a garin sabulu da ruwan ƙazantar birane. A shekarar 2010 Kanada ta ƙara tsananta dokar, har ta haɗa da sabulun na'urar wanke kwanuka ta gida.

Akwai kuma wata irin gansakuka mai launin shuɗi da kore wadda takan fitar da dafi. A watan Agusta na 2014, dafinta ya shiga ruwan famfon birnin Toledo na Amurka daga Tafkin Erie, aka hana mutane fiye da 400,000 shan ruwan har kusan kwana 3. Tafasa irin wannan ruwa ba ya kashe dafin.

3. Faifan Sekki

Kayan aikin farko na mai sa kai wani faifai ne mai faɗin santimita 20, watau kamar inci 8, wanda aka raba fuskarsa kashi 4, biyu farare biyu baƙaƙe. Ana ɗaura masa nauyi a ƙasa, da igiya mai alamar awo a tsakiya. An sa masa sunan Angelo Secchi, wani limamin Katolika masanin taurari na ƙasar Italiya, wanda ya gwada irinsa a Bahar Rum a shekarar 1865.

Ga yadda ake aiki da shi. Mai awo ya tuƙa jirginsa zuwa wuri mafi zurfi a tafkin, da tsakar rana, ranar da ruwa yake kwance. Ya cire tabarau na rana, ya zauna ta gefen da inuwar jirgi take. Ya riƙa sakin igiya a hankali har faifan ya ɓace masa, ya lura da tsawon igiyar. Sa'an nan ya jawo shi a hankali har ya sake bayyana, ya sake lura. Sai ya haɗa awo biyun ya raba biyu. Alal misali, idan faifan ya ɓace a mita 4.2 ya kuma bayyana a mita 3.8, to awon ranar mita 4 ke nan. Ya rubuta wannan tare da kwanan wata da yanayin sama da launin ruwa. Ana so a maimaita kamar sau 2 a wata, a wuri guda, muddin ƙanƙara ba ta rufe tafkin ba.

Saboda sauƙin wannan faifai ne aka fara shirye-shiryen masu sa kai a Amurka, a Jihar Maine a 1971, da Jihar Minnesota a 1973.

4. Ɗibar ruwa don gwaji

A shekarar 1996 Ma'aikatar Muhalli ta Ontario ta haɗa gwiwa da FOCA suka buɗe shirin da suka kira Lake Partner Program, watau shirin abokan tafki. Ɗaruruwan mutane suka shiga, a ɗaruruwan tafkuna. A yadda aka tsara shi, hukuma ce take aika wa mai sa kai da kayan aiki. Shi kuwa sai ya zura kwalba mai nauyi har zurfin da faifan ya ɓace, ya jawo ta cike, ya tace ruwan da rariya mai laushi don a fitar da ƙananan ƙwarin ruwa waɗanda za su ɓata lissafi, ya cika 'yan kwalabe, ya aika da su ta gidan waya zuwa ɗakin bincike da yake garin Dorset.

A tafkunan da suke kan ƙasar duwatsu ta arewa, sau ɗaya ake ɗibar ruwan a shekara, a watan Mayu. Hikimar wannan ita ce, da zarar ƙanƙara ta narke, iska takan gauraya ruwan tafki daga sama har ƙasa, saboda haka kwalba guda tana iya ba da labarin tafkin gaba ɗaya. A tafkunan kudu kuwa, inda gonaki suke da yawa, ana ɗiba kowane wata daga Mayu zuwa Oktoba.

Ana auna fosfaras da maikirogiram, watau kashi ɗaya na giram da aka raba gida miliyan. Tafkin da yake da ƙasa da maikirogiram 10 a lita guda ana ɗaukarsa garau. Daga 10 zuwa 20 matsakaici ne. Idan ya haura 20, to akwai haɗarin gansakuka ta addabi jama'a. Mai karatu ya dubi ƙanƙantar wannan adadi: giram 20 ke nan kacal a cikin lita miliyan ɗaya. Daga baya an ƙara auna sinadarin kalsiyam, wanda ƙananan halittun ruwa masu ɓawo suke bukata, da kuma gishirin da ake watsa wa tituna lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara, wanda ruwa yake kwasowa zuwa tafki.

5. Hattara wajen fassara awo

Awon shekara ɗaya ba ya isa a yanke hukunci. Shekarar da aka yi ruwan sama da yawa dabam take da shekarar fari. Sai an jera awon shekara 10 ko 20 sa'an nan za a gane ko tafki yana gaba ne ko yana baya. Don haka ne juriya ta fi ƙwarewa daraja a wannan aiki, kuma ƙungiya mai hankali takan koya wa wani matashi aikin tun kafin mai yinsa ya gaji.

Har ila yau, ba kowane ruwa mai duhu ne yake da ciwo ba. Tafkin da fadama take malala cikinsa yakan yi launin shayi saboda ruɓaɓɓen ganye, alhali kuwa lafiyarsa lau. Haka kuma ba kowane ruwa garau ne lafiyayye ba. Akwai wata ƙaramar dabbar ruwa mai ɓawo biyu, mai zane irin na jakin dawa, wadda manyan jiragen ruwa suka ɗauko daga Turai, aka fara ganinta a Tafkin St. Clair a 1988. Tana tace ruwa ya yi haske ƙwarai, amma tana cinye abincin ƙananan kifi, tana kuma toshe bututun ruwa. Faifai kaɗai ba zai nuna wannan ba, sai an haɗa da idon mai lura.

6. Matakan kariya

Awo ba magani ba ne, hanya ce ta sanin inda ciwo yake. Ga abubuwan da ƙungiyoyin suke gargaɗin 'ya'yansu da su:

(a) A riƙa duba tankin shadda, a kwashe shi duk bayan shekara 3 zuwa 5.

(b) A bar itatuwa da ciyayin da Allah ya fitar a bakin ruwa. Masana sun ba da shawarar a bar faɗin mita 30, domin saiwoyinsu suna riƙe ƙasa, suna kuma shanye fosfaras kafin ya kai ga ruwa.

(c) Kada a zuba takin zamani kusa da tafki.

(d) Kada a yi wanka ko wanki da sabulu a cikin tafki.

(e) Duk wanda zai ɗauki jirginsa daga wani tafki zuwa wani, ya kankare shi, ya tsiyaye ruwan da yake ciki, ya bar shi ya bushe. Daga ranar 1 ga Janairu, 2022, tsabtace jirgi da tsiyaye ruwansa sun zama doka a Ontario.

(f) Idan aka ga ruwa ya yi kore kamar an zuba fenti, a hana yara da dabbobi shiga, a kuma sanar da hukuma nan da nan.

7. Abin da ya shafe mu

Ƙasarmu ba ta da ƙanƙara, kuma gidajen hutu ba al'adarmu ba ce. Amma fosfaras ɗin da yake ɓata tafkin Kanada shi ne dai yake gangarowa madatsun ruwanmu da kududdufanmu daga gonakin rani da kwatami da wuraren wanki, kuma zafin ƙasarmu yana ƙara wa gansakuka saurin yaɗuwa. Kowane maƙeri zai iya yanka faifan nan daga guntun kwano, a shafa masa fenti, a ɗaura igiya. Masunta da malaman makaranta da ƙungiyoyin aikin gayya suna iya ajiye littafin awo, rani da damina, su riƙa nuna wa ma'aikatan ruwa na yankinsu. Sai dai a tuna, faifai ba ya ganin ƙwayar kwalara ko ta tsargiya. Ruwan sha tilas ne a tace shi a tafasa, ko da kuwa ya yi haske kamar madubi.

Tambayoyi don nazari

1. Bayyana yadda yawan fosfaras yake kai ga mutuwar kifi.
2. Me gwajin Tafki Mai Lamba 226 ya tabbatar?
3. Faifai ya ɓace a mita 3.4 ya bayyana a mita 3. Nawa ne awon ranar?
4. Don me ake ɗibar ruwan tafkunan arewa a watan Mayu?
5. Lissafa hanyoyi 3 da ƙazanta take shiga ruwan da ya fi kusa da garinku, ka kuma faɗi wanda ya kamata a tuntuɓa don toshe kowace.