Saƙon Ƙarya A Cikin Jini

Ni mutumin Ƙofar 'Yandaka ne a birnin Katsina. Kakana yakan ce a zamanin da, in aka hango mahara, sai sarkin ƙofa ya tashi ɗan aike, a yi shela, mayaƙa su fito. Ranar da malaminmu na kimiyya ya koya mana yadda jiki ke kare kansa, sai na tuna da maganar nan.

Mayaƙan jiki su ne fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ake yi a cikin ɓargo. 'Yan aikensu kuwa wasu sinadarai ne da ake kira saitokin. Ɗaya daga cikinsu, intaferon, an gano shi a Landan a 1957. In cuta ta shigo, su ke kai labari a taru a yaƙe ta.

To, Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. A ciwon sankarar jini, wanda likitan Jamus Rudolf Virchow ya raɗa wa suna a 1847, fararen ƙwayoyin ne da kansu ke lalacewa, su yi ta hayayyafa ba iyaka. Su ma suna sakin 'yan aike, amma da saƙon ƙarya. Intalukin na 1 yana ƙara musu yawa. Intalukin na 6 da wani mai suna TNF suna jawo zazzaɓi, da gumin dare, da rama. Intalukin na 10 kuwa yana sa mayaƙan kirki su ajiye makamai. Haka ɓargo ke kasa yin jini mai kyau, sai mutum ya ɗashe, dasashinsa ya riƙa zubar jini.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani yaro a unguwarmu. Ya yi makonni yana zazzaɓi, ana ta ba shi maganin cizon sauro. Sai da aka gwada jininsa a asibiti aka gano ciwon, lokaci ya riga ya ja.

Don haka, 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, in zazzaɓi ya ƙi jin magani, ga rama da ɗashewa, a garzaya asibiti a gwada jini. Ciwon nan ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma yara da yawa suna warkewa in an fara magani da wuri.

Allah Ya ba mu lafiya, amin.