DARASI: MA'ANAR KALMAR "LAHIRA"

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, ku sani kalmar "lahira" asalinta Larabci ne, daga "al-akhira", wato ta ƙarshe. Bahaushe ya haɗe "al" da jikin kalmar, kamar yadda ya yi wa "liman" daga "al-imam" da "labari" daga "al-khabar". Kishiyarta ita ce "duniya", ma'ana mafi kusa.

In mutum ya rasu mukan ce ya tafi lahira, ko ya riga mu gidan gaskiya. Wannan daidai ne, domin hadisin Sayyidina Usmanu da Tirmizi ya ruwaito ya nuna kabari shi ne masaukin farko na lahira. Zaman da mamaci ke yi tun daga mutuwa har tashin ƙiyama shi ake kira barzahu, kamar yadda ya zo cikin Suratul Muminun, aya ta 100. Daga nan sai tashi, da hisabi, da awon ayyuka, da siraɗi.

To, sai mu kiyaye: lahira ba Aljanna kaɗai take nufi ba, har Wuta tana cikinta. Saboda haka kada mu yanke cewa mamaci ya huta. Abin da ya kamace mu shi ne mu roƙa masa gafara, mu kuma yi wa kanmu guzuri. Imani da ranar lahira ɗaya ne daga rukunan imani guda 6.

Allah Ya sa mu cika da imani, amin.